Gwiwar Hannun Labbo

…kuma ba laifin duwatsun ba ne, a'a, duwatsun ƙalau suke. Ni niz zaɓo su da kaina bakin gulbi, masu sulɓi, kowane ya cika tafin hannu bai wuce ba. Ga su nan jere bisa buhu. Ga guda a hannuna ina ta goga shi ga cinya. Dubi fa, Kadijatu, dubi abin da tsohon mijinki ke yi. Shekara sittin da 'yan kai, ina goge dutse ga wando wai shi yi ƙyalli. Sabo turken wawa. Da kina raye da kin yi dariyar nan taki, kina rufe baki da gefen zane.

Ba ki raye. To.

Ni ke gadi yau. Ni, Labbo — Labbo Ingila, in ji mutanen Kurawa. Ga ni bisa tudu, ga reshen gulbi ƙasa ya kawo ja wur, ƙetare kuwa gonarmu ce. Hatsi ya nuna. In ba a yanke shi ba, ko tsuntsu shi cinye ko mutanen daji su ƙone. Ga su can duƙe, Attahiru ƙanena da 'yan gayyarshi, mata na biye suna tattara zangarniya. Mai mayafi ruwan ɗorawa can Sadiƙa ce. Ɗiyarmu. Ita kaɗai tar rage mana… mani. Dubi yadda take duƙawa, sai ta dafa ƙugu tukuna. Cikin ya yi nauyi, kuma uban cikin na kwance tun ranar da anka tare motar kasuwa bisa hanyar Isa.

Su ba su ganin hanya. Dawa ta yi tsawo bayansu, ta rufe turbar da ke fitowa daga daji. Ni kaɗai ke ganinta. Aikina ke nan: in na hangi babura, in jefi kwanon can. Fallen kwanon rufi ne guda, Attahiru yar rataye shi ga gawon bakin gona. Dutse ya same shi, ya yi kwaram, kowa ya yar da abin hannunshi ya gangara jirgi. Waya? Ko can da ba ta kamawa cikin kwarin can, balle yanzu da anka yanke layi. Ihu kuwa… Hafizullahi, mai gadin bara, ya yi ihu nan inda nike tsaye, har murya tad dushe. Ruwa na ruri, iska na ɗauke muryar tana maido mashi. Yana kallo anka kora mutane daji kamar awaki. Har yau ba ya zama majalisa.

Wa yas sa Attahiru shanya rigarshi can? Fara fat, bisa yashi, 'yar tazara gaban gawo. Idona sai komawa gare ta yake yi. Kwano, Labbo. Kwano za ka duba.

"Yaya," Attahiru yac ce mani shekaranjiya, "a aje mutum guda ƙetare shi riƙa kallonka, kai dai ka ɗaga tsumma." Nic ce an rage hannu guda ga girbi ke nan. "To a sa wani cikin samari." Nic ce samari su yi yanka. "To ga majaujawa." Majaujawa! Kafin in buɗe baki majalisa ta ɗauka: haba Attahiru, mutumin da Turawa sunka sa cikin jirgin sama saboda jifa kaɗai, shi za ka ba majaujawa? Anka yi dariya. Na ji daɗi, Kadijatu. Wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina. Tun yaushe rabon da wani shi nemi hannun ga da wani aiki? Attahiru yab buɗe baki, na san mi za shi ce, gwada mu gani za shi ce, sai yar rufe. Ƙane ba ya gwada wanshi gaban mutane.

Ni ma ban gwada ba. Jiya na zo nan, na riƙe dutse, na dubi kwano… nic ce kada in tada hankalin mutane a banza. Ƙarya. Tsoro nij ji.

Don kurket, wasan ƙwallon da niy yi a Ingila, ba jifa ba ne. Wa za ni yi wa wanga bayani a Kurawa? Sun ce Labbo ya je Ingila ya yi jifa, Turawa na tafi. Na bar su a haka. Jifa ai tun ina tsaron tsuntsu a gonar can na iya shi, ina bisa dandamali, rana na dukan ƙeya, kurciya na tafe cikin iska in sauko da ita. Kafaɗa baya, gwiwar hannu ta lanƙwashe, ta saki — fyat! Babu wanda yak koya mani. Da shi nik kaɓo ungulu daga rufin kicin a kwalejin Sakkwato, Wilmot na tsaye bayana ban sani ba. Wilmot, Baturen da ke koya mana lissafi, dogo, jan wuya. Na ɗauka bulala ce. "Sake," yac ce da Hausarshi ta ƙarfin hali. Washegari yas sa mani ƙwallo a hannu, ja, mai tauri kamar goruba, da ɗinki a tsakiya.

Ka rugo da gudu. Ka yi tsalle. Hannu shi kewayo ta saman kai a miƙe sak, kamar taɓarya. Gwiwar hannu haramun ce, kada ta motsa. Kuma ba mutumin za ka nufa ba, ƙasa za ka buga, 'yar tazara gabanshi, ƙwallon shi tashi da kanshi ya ture 'yan turaku ukun da yake karewa da katako. Ƙasa, Labbo. Kullum ƙasa tukuna.

Mi ke motsi can? …Shanu. Shanu ne, ba kowa biye da su. Shanun da ba makiyayi, wannan ma ba alheri ba ne.

Sanyi. Ban taɓa faɗa maki sanyin nan yadda yake ba. Wilmot ya gama aiki ya koma ƙasarsu, yat tafi da ni, yas sa ni ƙungiyar wani gari mai masaƙu, rana ɗaya ba ta fitowa da gaskiya. Da hunturu ina tura amalanken zare, da bazara ina fasa turaku. Har babbar ƙungiyar gunduma tad ɗauke ni. Ni! Ɗan Kurawa, cikin fararen kaya, ciyawa shar kamar an kafa ta da hannu. Na huda takalmin hagu don babban yatsa shi samu wurin fita, in ba haka ba farce ke cirewa duk sa'ad da nid dira. Jini cikin safa, ko a jikina. Kin san ƙarar turke in ƙwallo ya tumɓuke shi yana juyi cikin iska? Ba ki sani ba. Babu wanda yas sani a ƙasar ga duka, daga nan har Bafarawa. Manyan mutane, masu gashin baki, na ga ƙafafunsu na ja da baya tun ban iso ba. Suna tsorona. Hotona ya fito a jarida, baki buɗe, ƙafa biyu duk a sama.

Sai dai akwai abin da ni kaɗai nis sani. In na gaji, ko in wani ya ɓata mani rai, in ina son wanda za shi wuce kamar walƙiya, sai yaron nan mai tsaron tsuntsu shi dawo. Gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Ɗan kaɗan, ko ido ba ya kamawa. Nan gudun yake. Duk abin da suke tafa wa, daga gonar can yaf fito.

Ido ya kama.

Ranar Asabar ce, fili cike. Alƙalin wasa mai farar riga, wanda ke tsaye can gefe yana kallon hannu, yam miƙa nashi hannun: "No bol!" Wai na karya doka ke nan. Na duba ƙafata, ban taka layi ba. Nis sake. "No bol!" Nis sake… Fili yay yi tsit, Kadijatu, irin tsit ɗin gidan mutuwa. Can cikin 'yan kallo wani yak kira ni da wani suna, ba za ni maimaita shi ba ko a zuci. Kyaftin yaz zo yak karɓe ƙwallo daga hannuna, idonshi na kallon takalmanshi. A wurinsu wanda yal lanƙwasa gwiwa yay yi jifa ɓarawo ne. Gara a ce ka sha giya ka zagi uwarka.

Sadiƙa ta miƙe, tana shan ruwa. Sha, ɗiyata, sha. Na ce ta zauna gida. "Baba, ba za ni zauna in ci gumin mutane ba," tac ce. Nic ce daji ba lafiya. Tad dube ni, idonki sak, tac ce, "Ai kana bisa tudu."

Ai kana bisa tudu…

Wilmot don so yay yi, wannan ba za ni ɗauki alhakinshi ba. Ya tsufa lokacin, yana tari, amma kullum sai ya zo. Wata rumfa ce babba, sanyi kamar randa. Yas samo bututun roba, yaz zura hannuna ciki daga hammata zuwa wuyan hannu, yan naɗe da bandeji. Yas shimfiɗa farin hankici a ƙasa. "Nan za ka buga," yac ce. Hunturu guda cur. Gudu, tsalle, hankici. Gudu, tsalle, hankici. In gwiwa ta nemi lanƙwasawa bututu shi cije ni, fata ta saɓule. Ko takarda za ni yar a kwandon shara, ya hana ni jefawa, sai dai in taka in aje. Ko a fili in an bugo ƙwallo wurina, da miƙaƙƙen hannu nike maida shi, yara na dariya. Ya ce sai jiki ya manta. Ashe jiki na mantawa. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa ina ɗanye anka miƙar da ni.

Nid dawo tsarkakakke. Alƙalai sunka duba, sunka sake dubawa, babu aibi. Hankici kuwa ina samunshi ko da ido rufe. Amma gudun ya tafi. Masu gashin bakin nan sun daina ja da baya, sai ma su tako gaba suna murmushi. Anka saukar da ni ƙaramar ƙungiya, filayen ƙauye, 'yan kallo tsoho guda da karenshi. Baya yaf fara ciwo, allura, kafaɗa, allura. Rannan sunka kira ni ofis, shayi da biskit, sunka ba ni laktayen ɗaurin wuya mai tambarin gunduma, sunka girgiza mani hannu. Hannun nan dai. Ke kinka ɗaure bakin buhun barkono da laktayen, kin tuna? Ya yi amfani ko ba komi.

Sai makarantar Isa, malamin motsa jiki, usur a wuya har niy yi ritaya. Ƙwallon ƙafa yara ke so. Wa za shi tsaya cikin rana yini guda yana kare turaku?

Ke kaɗai kinka gani. Ranar da shirwa tas sauko wa 'yan tsakinki, ina zaune ina alwala, niz zaburo, nid ɗauki hoge — sai ga ni na ja da baya, na rugo, na yi tsalle a tsakar gida, hogen yab bugi ƙasa yaf fashe, shirwa na bisa katanga da ɗan tsako a ƙafa tana kallona. Kinka ce, "Malam, mi ƙasar tay yi maka?" Munka yi dariya har da hawaye. Ke taki dariya ce. Gwiwar ga tana lanƙwasawa in za ni kai loma baki, tana lanƙwasawa a alwala, a sujada. Amma a sa mata abu mai nauyi a tafi, a ce jefa… sai bututun ya dawo. Ina jin shi. Yanzu haka ina jin robar ga fatata.

Wannan shirwa ce. Ɗan tsako ne. Tuni ne. Yau daban, yau in ta kama dole jiki za shi tuna, ai jini ba ya ƙarya, ai ni ne dai yaron. Ko ba ni ba ne?

Sadiƙa tana ƙarama ta fi kowa son abin. Da la'asar in ɗauki goruba, in tafi can bakin zaure, in rugo in yi mata tsallen, ita tana bisa turmi tana tafi. "Baba sake! Baba sake!" Ita kaɗai ce 'yan kallona a ƙasar Gobir.

Girman kai rawanin tsiya. Ga majaujawa an miƙo maka, Labbo, igiya ce da 'yar fata, mi za ta rage ka da shi? Ga tsumma. Tsumma kawai, ka ɗaga, a gani. Ka ce a'a, don wasu tsofaffi marasa haƙora su ce maka Labbo Ingila. Gobe. Gobe in Allah ya kai mu za ni ce ma Attahiru kafaɗa ta motsa, a aje mutum. Yau dai ta wuce lafiya, ya Allah, yau kaɗai. Rana ta kusa tsakiya, sun ci rabin gona, dammuna sun fara taruwa. In anka yi azahar—

Tsuntsaye sun tashi.

Can bayan dawa, gaba ɗaya, kamar an kaɗa su. Babu iska. Mi yat tashe su? Wani abu na ƙyalli… ya ɓace… ga shi. Madubi. Madubin babur. Wani. Wani kuma. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba su da sauri, a hankali suke tafe, uku-uku bisa kowane, abu rataye ga kafaɗa. Ba 'yan kasuwa ba ne. 'Yan kasuwa ba su rufe fuska.

To. To, Labbo. Bismillah. Ga kwano, faɗinshi ya kai ƙofar ɗaki, makaho ma… Tsaya nan. Tsaya inda kake, kafaɗa baya, kamar kurciya, kamar ungulu. Ina za ku? Ƙafafu, ina za ku da ni? Wa yac ce ku ja da baya? Ba gudu, ba a gudu, jifa ne, jifa — ina gudu. Ina gudu, Kadijatu, gwiwoyi na ƙara, ƙasa na zuwa, ga tsallen, hannu ya tashi, lanƙwashe, lanƙwashe—

Ya fita.

Kai! Dubi tafiyarshi. Ya ƙetare ruwan, bai ko girgiza ba… Rigar. Tsakiyar farar rigar Attahiru, daidai aljihu, kamar hankicin Wilmot. Yashi ya ɗan tashi. Ya haɗiye shi. Ba ƙara, ko tari. Da ciyawa ce da ya tashi ya tumɓuke gawon da saiwarshi. Wilmot, ka gani? Ka ga wanga? Tun da kas san ni ban taɓa sakin mai kyau kamarshi ba. Allah ya isa… a'a. A'a, ba kai ba.

Wani. Ɗauki wani. Kada ka dubi rigar, rufe ido, a'a buɗe, kwano, sama, saki da wuri, saki tun hannu na sama — kafaɗa! Wayyo Allah, wani abu ya tsinke ciki. Rigar kuma. Gefen na farko, kamar an auna.

Attahiru! ATTAHIRU! Sadiƙa! Ku gudu! Babura! …Ga muryata ta dawo mani a fuska. Hafizullahi, ashe haka ne. Ashe haka kaj ji.

Sun kai kan dawa. Na farko ya kashe inji, suna sauka.

Ta ɗago. Alhamdulillahi, ta ɗago, ta dafa ƙugu, ta sa hannu bisa goshi tana duban tudu. Ni ne, ɗiyata, dube ni, dubi hannuna, jirgi, jirgi! Ga wani dutse, ga ni tafe, ki gani ki gane, ga gudu, ga tsalle—

Tana ɗaga mani hannu.

Dariya take yi. Daga nan ina ganin haƙoranta. Ta aje zangarniya, tana tafi… tafi take yi mani, Kadijatu. Bakinta na motsi. Na san abin da take cewa. Ba sai iska ta kawo mani ba.

Ta duƙa. Ta koma ga aikinta.

Dawa na motsi bayanta.

Saura guda bisa buhu. Hannu ba ya ɗagawa, na ɗaga shi da na hagu, ga dutse, riƙe, riƙe mana. Ke gwiwa… ke da kinka sauko da kurciya. Ba alƙali a nan. Ba farar riga, ba bututu, Wilmot ya mutu tuni, ba mai kallo, wallahi ba mai kallo, ba wanda za shi ce maki ɓarauniya. Sau ɗaya. Lanƙwashe. Don girman Allah lanƙwashe…

Ƙafafuna sun fara ja da baya.